Grace Hopper: Matar da ta samar wa kwamfuta tafinta

A ranar 1 ga watan Janairun 1992 ne Grace Murray Hopper ta mutu a Arlington da ke jihar Virginia ta Amurka, tana da shekaru 85 da haihuwa. Malamar lissafi ce, kuma hafsa a rundunar sojan ruwan Amurka, wadda ta shafe fiye da shekaru 30 tana fafutukar ganin cewa manhajar da aka rubuta sau ɗaya ta yi aiki a kan kwamfutoci iri daban-daban.

Manomin da ya sayar da buhunan albasa a kasuwar Achida da ke ƙaramar hukumar Wurno a jihar Sakkwato, aka kuma tura masa kuɗinsa ta waya, da wuya a ce ya taɓa jin sunanta. Amma yana cin moriyar aikinta. Wayar mai saye daban take da ta mai sayarwa, na'urar POS da ke bakin kasuwa daban, haka ma manyan kwamfutocin banki, kuma kowace ƙwaƙwalwar na'ura akwai harshen da take ji.

Duk da haka waɗanda suka rubuta manhajar tura kuɗin ba su zauna sun rubuta ta da harshen kowace na'ura ba. Akwai wata manhaja a tsakani, wadda masana ke kira kompaila, wato tafinta, da ke karɓar abin da mutum ya rubuta ta mayar da shi harshen na'urar da ake so. Grace Hopper na sahun farko na waɗanda suka samar da irin wannan tafinta.

Ƙuruciya da karatu

An haifi Grace Brewster Murray a birnin New York ranar 9 ga watan Disambar 1906, kuma ita ce ta fari cikin 'ya'ya uku. Mahaifinta dillalin inshora ne, mahaifiyarta kuma mai sha'awar lissafi ce. Tana da shekaru bakwai ta kwance agogunan ƙararrawa har guda bakwai na gidansu domin ta ga abin da ke motsa su, kafin mahaifiyarta ta farga ta taƙaita mata barnar a kan guda ɗaya.

Da ta fara neman shiga kwalejin mata ta Vassar ba a ɗauke ta ba, saboda makinta a harshen Latin bai kai ba. Ta sake nema a shekara ta gaba, kuma a 1928 ta kammala da digiri a lissafi da kimiyyar fiziks. Daga nan ta wuce jami'ar Yale, inda ta yi digiri na biyu a 1930, da kuma digirin digirgir a lissafi a 1934, abin da ƙalilan ne daga cikin matan wancan zamani suka samu.

A 1930 ta auri Vincent Hopper, malamin adabi. Auren ya mutu a 1945 ba tare da sun haihu ba, sai dai ta ci gaba da amfani da sunansa har ƙarshen rayuwarta. Tun daga 1931 take koyar da lissafi a Vassar, kuma an san ta da tilasta wa ɗalibanta su riƙa bayanin lissafinsu a rubuce da kalmomi, domin a ganinta ilimin da ba a iya isar da shi ga wani ba bai cika ba.

Yaƙi ya kai ta ga kwamfuta

Bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor a watan Disambar 1941, ta nemi shiga sojan ruwa. Da farko an ƙi ɗaukarta: an ce shekarunta sun yi yawa, nauyinta bai kai yadda ake buƙata ba, sannan aikinta na koyar da lissafi ya fi amfani ga ƙasa. Ta nace har aka ɗauke ta cikin dakarun ko-ta-kwana a watan Disambar 1943. Ta zo ta ɗaya a ajinsu na horo, kuma a 1944 aka tura ta jami'ar Harvard da muƙamin ƙaramar laftanar.

A can ta tarar da Howard Aiken da na'urarsa mai suna Mark I, wadda kamfanin IBM ya ƙera. Tsawonta ya kai kusan mita 16, nauyinta kuma kimanin tan 5, amma ba ta wuce tara lambobi sau uku a daƙiƙa guda, ninkawa ɗaya kuwa tana cin daƙiƙa shida. Ana ba ta umarni ne ta hanyar dogon zaren takarda da aka huhhuda. Hopper na cikin mutanen farko da suka tsara wa na'urar aiki, kuma ita ce ta yi mafi yawan rubutun littafin sarrafa ta mai shafuka sama da 500, wanda aka buga a 1946.

A Harvard ɗin ne, a watan Satumbar 1947, ma'aikata suka tsinci wani ƙwaro maƙale cikin na'urar Mark II, suka manna shi a littafin aiki. Ba ita ta tsince shi ba, kuma injiniyoyi sun daɗe suna kiran matsalar na'ura ƙwaro tun kafin lokacin, amma yawan ba da labarin da ta yi ya sa ake jingina shi da sunanta. Littafin na ajiye a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington.

Wahalar magana da na'ura

A 1949 ta koma kamfanin Eckert da Mauchly a birnin Philadelphia, wanda Remington Rand ya saye a 1950. Kamfanin ne ya ƙera UNIVAC I, wadda hukumar ƙidayar jama'a ta Amurka ta karɓa a 1951.

A wancan lokaci mai rubuta manhaja sai ya sauko matakin na'ura. Kowane umarni lamba ce, kuma kowane bayani sai an faɗi ainihin gurbin da yake zaune a ma'ajiyar kwamfuta. Hopper ta sha ba da labarin yadda ta saba da wani tsarin ƙirga da ke tsayawa a bakwai ya koma goma, wanda ake amfani da shi a wurin aiki, har ta riƙa yin lissafin asusunta na banki da shi ba ta sani ba, lissafin ya yi ta ƙin daidaita.

Ta kuma lura da wata ɓarnar lokaci. Masu rubuta manhaja na ajiye gutsattsarin umarnin da suka riga suka gwada a littattafansu, suna kwafa duk lokacin da buƙata ta taso. Amma idan aka ɗauki gutsure aka dasa shi a wani wuri, dole a sake lissafa dukkan lambobin gurabensa da hannu. A nan kurakurai ke shigowa, domin ɗan Adam na yin tuntuɓe wajen kwafi da tarawa, ayyuka biyun da kwamfuta ta fi ƙwarewa a kansu.

Tafinta na farko

Maganin da ta kawo tsakanin 1951 da 1952 shi ne tsarin da ta sa wa suna A-0. Ta tattara gutsattsarin a kan zaren maganaɗisu, ta ba kowanne lambar kira. Mai rubuta manhaja sai ya jera lambobin da yake so, kwamfuta da kanta ta zaƙulo su, ta gyara gurabensu, ta harhaɗa su zuwa manhaja guda. Daga wannan harhaɗawa ne sunan kompaila ya samo asali, kodayake a ma'aunin yau A-0 ya fi kama da manhajar da ke ɗinke sassa fiye da cikakken tafinta.

Ba a karɓi abin hannu bibbiyu ba. Ƙwararrun lokacin na ganin cewa kwamfuta lissafi kawai ta iya, kuma babu na'urar da za ta rubuta umarni mai tsafta kamar na gwani. Akwai ƙamshin gaskiya a ƙorafinsu, domin manhajojin farko da tafinta ya fitar sun fi na hannu nauyin tafiya. Hujjar Hopper ita ce lokacin ma'aikaci ya fi na na'ura tsada, kuma tazarar za ta ci gaba da ƙaruwa. A 1953 aka fitar da A-2, aka ba masu saye rubutunsa na asali tare da neman su aiko da gyare-gyarensu.

Daga nan ta ɗauki mataki na gaba. Ta lura cewa akawu da manajan kamfanin inshora ba su da sha'awar alamomin lissafi, don haka ta ba da shawarar a rubuta manhajojin kasuwanci da kalmomin Ingilishi. Shugabanninta sun yi watsi da shawarar a 1953, amma zuwa 1955 ita da ma'aikatanta sun samar da samfurin abin da daga bisani aka kira FLOW-MATIC.

Domin ta nuna cewa kalmomin sutura ce kawai, ta sa aka gwada tsarin da kalmomin Faransanci da na Jamusanci, ya kuma yi aiki. Wannan gwaji ya fi tayar wa shugabannin kamfanin hankali fiye da yadda ya burge su, amma ya tabbatar da cewa abin da mutum ya rubuta da abin da na'ura ke aiwatarwa abubuwa ne biyu da za a iya raba su. A ɓangaren lissafin kimiyya kuwa, John Backus na IBM ya fitar da harshen FORTRAN a 1957.

Harshe ɗaya, na'urori da yawa

Zuwa ƙarshen shekarun 1950 wata sabuwar matsala ta kunno kai. Kowane kamfani na da nasa harshen da nasa tafintan, don haka duk wanda ya sayi kwamfutar wani kamfani ya ɗaure kansa. Idan yana son sauya na'ura, sai ya sake biyan kuɗin rubuta manhajojinsa tun daga tushe. Ma'aikatar tsaron Amurka, wadda ke da kwamfutoci 225 a 1959, ta kuma yi odar wasu 175, ita ta fi kowa jin jiki.

Wata ma'aikaciyar kamfanin Burroughs, Mary Hawes, ita ta fara kiran a zauna a samar da harshen bai-ɗaya. A ranakun 28 da 29 ga watan Mayun 1959 aka yi taro a Pentagon, wanda ya haifar da kwamitin CODASYL, kuma daga aikin kwamitin ne aka sami harshen COBOL. Hopper ta kasance mai ba kwamitin shawara kan fasaha, kuma FLOW-MATIC na cikin manyan tubalan da aka yi ginin a kansu.

Sai dai ba ita ta rubuta ƙa'idojin harshen ba. Wani ƙaramin kwamiti ne na mutum shida daga kamfanonin IBM da RCA da Sylvania ya yi wannan aiki, kuma ɗaya daga cikinsu, Jean Sammet, ta daɗe tana musanta laƙabin uwar COBOL da ake yi wa Hopper. Abin da babu jayayya a kansa shi ne ita ta share fagen, kuma ita ta fi kowa tallata harshen.

Dabarar da masu tsara COBOL suka yi ita ce ware duk abin da ya shafi wata na'ura ta musamman a sashe guda na manhajar, wanda suka kira sashen muhalli. A nan ake bayyana kwamfutar da za a yi fassarar a kanta, da wadda manhajar za ta yi aiki a kanta, da kuma na'urorin karatu da bugawa da ke jone da ita. Sauran sassan, na bayanai da na matakan aiki, ba su da ruwa da irin na'urar. Idan an sauya kwamfuta, sashen muhallin ake gyarawa.

A ranakun 6 da 7 ga watan Disambar 1960 aka gwada abin a aikace. Manhaja guda ta COBOL, da 'yan gyare-gyare kaɗan, ta yi aiki a kan UNIVAC II ta Remington Rand da kuma RCA 501, na'urori biyu na kamfanoni masu gogayya da juna. Ma'aikatar tsaron ta kuma matsa wa kamfanoni lamba cewa mai son ta sayi kwamfutarsa sai ya haɗo da tafintan COBOL.

Awon mudu

Yarjejeniya a takarda ba ta wadatar ba. Kowane kamfani ya riƙa ƙara wa COBOL nasa wasu kalmomi da sauƙaƙe-sauƙaƙe domin jan masu saye, har harshen ya rarrabu zuwa kare-kare. Basakkwace da Bakano na fahimtar juna duk da bambancin karin harshe, saboda mutum na cike giɓi da hankalinsa. Kwamfuta ba ta yin haka: kalma ɗaya da tafinta bai sani ba ta isa ta tsayar da aikin baki ɗaya.

A ƙarshen 1966 aka yi wa Hopper ritaya da muƙamin kwamanda saboda ta cika shekaru 60. A watan Agustan 1967 rundunar sojan ruwa ta sake kiranta domin aikin watanni shida, na daidaita COBOL ɗin da sassanta ke amfani da shi. Aikin bai ƙare a watanni shidan ba, kuma in ban da ɗan gajeren hutu tsakanin 1971 da 1972, ta ci gaba da sanya kaki har 1986.

A wannan lokaci ne ofishinta ya samar da jerin manhajojin gwaji da ake ciyar da duk wani tafinta da kamfani ya kawo, a ga ko abin da ya fitar ya dace da ƙa'ida. Lamarin ya yi daidai da awon mudu a kasuwa: ba ya wadatarwa a ce kowa ya amince da sunan mudu, sai an sami mai duba cewa kwanon kowane ɗan kasuwa na cin abin da ya kamata. Gwaje-gwajen sun tilasta wa kamfanoni bin ƙa'idojin da hukumar daidaita ma'auni ta Amurka ta fitar a 1968 da 1974, kuma a shekarun 1980 hukumar ma'auni ta gwamnatin tarayya ta karɓi ragamar irin wannan aiki.

Wannan ne ɓangaren rayuwarta da aka fi mantawa da shi, saboda babu wata sabuwar ƙirƙira a cikinsa da za a nuna wa 'yan jarida. Amma shi ne ya mayar da alƙawarin 1960 abin da mai saye zai iya dogara da shi.

Yadda aikin yake a yau

Waɗanda suka biyo baya sun faɗaɗa hanyar. Dennis Ritchie ya samar da harshen C a farkon shekarun 1970, abin da ya ba da damar ɗauke tsarin Unix daga wata na'ura zuwa wata. Richard Stallman ya fitar da tafintan GCC kyauta a 1987, sannan a 2000 aka fara aikin LLVM a jami'ar Illinois.

Tafintocin zamani kashi biyu ne. Na gaba yana karanta harshen da mutum ya yi rubutu da shi, ya mayar da shi wani harshe na tsaka-tsaki, na baya kuma ya mayar da wannan zuwa harshen na'ura. Amfanin haka a fili yake: harsuna 5 da na'urori 6 za su buƙaci tafintoci 30 idan kowanne zai tsaya da kansa, amma da wannan tsari sassa 11 sun isa.

Tafinta kuma ba ya aiki shi kaɗai. Yana tafiya ne cikin jerin kayan aiki, da suka haɗa da manhajar da ke ɗinke sassan da aka fassara, da rumbun gutsattsarin umarni da aka riga aka tanada. Mai rubuta manhajar waya yakan yi aikinsa a kan kwamfuta mai ƙwaƙwalwa samfurin x86, alhali wayar samfurin ARM take ɗauke da shi. Don haka dole ya shaida wa kayan aikin nau'in ƙwaƙwalwar da ake nufi, da tsarin da ke tafiyar da na'urar, ko Android ko iOS ko Windows ko Linux, da kuma rumbun da za a ɗebo daga ciki. Idan ya yi kuskure ya ɗinka gutsuren kwamfutarsa a manhajar waya, aikin zai lalace. Wannan saiti jikan sashen muhalli ne na COBOL.

Ƙasashen da ke sayen na'urori daga waje, irin su Najeriya da Nijar, na cikin waɗanda suka fi amfana. Ɗalibi a Sakkwato ko Zariya na iya sauke GCC ko LLVM kyauta, ya rubuta manhaja a kan tsohuwar kwamfuta, ya fitar da ita domin wayoyin da bai taɓa riƙewa ba. Haka ma banki ko ma'aikata na iya sauya kamfanin da ke sayar musu da na'ura ba tare da sun yi asarar dukkan manhajojinsu ba.

Tsawon ran manhaja na da nasa nauyin. Tsofaffin manhajojin da ke rubuta shekara da lambobi biyu su suka haddasa fargabar shiga shekara ta 2000, wadda gyaranta ya ci maƙudan kuɗi. A watan Afrilun 2020 kuma, lokacin annobar korona, gwamnan jihar New Jersey ya fito yana neman waɗanda suka iya COBOL, saboda tsarin biyan marasa aikin yi na jihar ya kasa ɗaukar yawan masu nema.

Ƙarshen rayuwa

A shekarunta na ƙarshe a aiki Hopper ta zama mai yawan gabatar da lacca. Takan raba wa masu sauraro guntayen waya masu tsawon kimanin santimita 30, wato iyakar nisan da haske ke ci a kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, domin su ga dalilin da ya sa saƙo ta tauraron ɗan Adam ke jinkiri. A ofishinta akwai agogon bango da ke juyawa ta hagu, wanda ta rataye domin tuna wa baƙi cewa sabo da abu ba hujja ba ce ta ci gaba da yin sa.

An ƙara mata girma zuwa kyaftin a 1973, sannan kwamado a 1983, muƙamin da aka sauya wa suna zuwa riya admiral a 1985. Ta yi ritaya ta ƙarshe ranar 14 ga watan Agustan 1986 a cikin tsohon jirgin ruwan yaƙi na USS Constitution a Boston, tana da shekaru 79, kuma a lokacin babu hafsan da ke bakin aiki a rundunar da ya kai ta shekaru. Daga nan ta zama mai ba da shawara a kamfanin Digital Equipment har zuwa mutuwarta.

A 1991 aka ba ta lambar yabo ta ƙasa kan fasaha. Bayan mutuwarta an sa wa wani jirgin ruwan yaƙi suna USS Hopper, shugaba Barack Obama ya karrama ta da babbar lambar yabon farar hula ta Amurka a 2016, kuma a 2017 jami'ar Yale ta sa wa ɗaya daga cikin kwalejojinta sunanta.

An binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington. Ita kanta ta sha bayyana cewa bayan tafintan da ta gina, babu abin da ta fi alfahari da shi kamar matasan da ta horar.